Abin da Na Gani Ƙarƙashin Ruwan Azurfa

Unguwar Maƙera,
Tambuwal.

Zuwa ga ɗana, Malamin Dabbobi na Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da masu masaukinka. Allah Ya tsare ka kan hanya, Ya raba ka da ƙahon sa da harbin saniya, Ya sa waɗanda za ka zauna da su su zame maka alheri, amin.

Kai ne ɗan fari, bakina bai saba da kiran sunanka ba, amma takarda ba ta jin kunya. To Haliru, nemi wuri ka zauna. Kada ka yi dariyar rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfura a gemu, kuma hannun da ya saba da guduma alƙalami shina yi masa ƙanƙanta.

Innarka ta gaya mini ranar kasuwar Jega mai zuwa za ka kai babur ɗinka wurin mai fenti, ya feshe maka shi da farin fenti ya koma walƙiya. Don haka na ɗauki alƙalami. Kada ka kai shi sai ka kai ƙarshen wagga takarda. Akwai wuri guda a ƙarfen hannun babur ɗin nan, ƙarfen da kake riƙewa ka juya shi, wanda in fenti ya rufe shi, to ranka ne cikin haɗari, kuma ba za ka sani ba sai abin ya auku.

Na san kana fushi da ni, kuma ban ga laifinka ba. Babur ne na Baturen gona da ya koma ƙasarsu bayan mulkin kai, babur ɗin ya yi damina ukku a sito a Dogon Daji ƙarƙashin rufi mai yoyo, manyanka na ofis suka ce ka ɗauka ka yi aiki da shi. Ka kawo shi a mota ka ce mini, "Baba, injin kawai za ka duba." Ka koma ƙarasa karatunka. Da ka dawo sai ka iske injin yana tashi da bugu guda, amma duk farin nan mai ɗaukar ido da Turawa ke zuba wa ƙarfe, wanda mutanenmu ke ce wa ruwan azurfa ko da yake ba azurfa ba ne, na kankare shi tas. Hannu baƙi, salansa baƙa, bakin fitila baƙi. Ka tsaya ƙofar maƙera ka ce, "Haba Baba! Ka mai da mini babur garma." Ni kuma na ce in ba ka so ka hau jaki. Iyakar maganar da muka yi ke nan har ka tafi. Yanzu zan gaya maka abin da ya kamata in gaya maka ran nan, amma sai na faro daga wautata.

Lokacin da kekuna suka fara yawa a Tambuwal, masu su ba su da wurin kai gyara sai maƙera. Ni kuwa ina saurayi, kaina yana hayaƙi, ina ganin duk abin da ake ce wa ƙarfe bawana ne. Wani fatake ya kawo mini ƙarfen hannun kekensa, farin ya yi ƙuraje yana ɓarewa, ya ce in gyara. Na ce wannan ai abu mai sauƙi ne, wuta ta ci shi. Na cusa shi cikin gawayi na hau zuga. Kai! Wani hayaƙi ya taso mai wari irin wanda ban taɓa ji ba, ya shige mini ƙirji, na yi kwana bakwai ina tari kamar tsohuwar akuya. Farin bai fita duka ba, ya dai ƙone ya yi dabbare-dabbare, ƙarfen kuwa da ma bututu ne mai rami a ciki, ya yi laushi ya lanƙwashe. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya dube shi ya dube ni ya ce, "Kai maƙerin baƙi ne, ɗan maƙerin baƙi. Mi ya kai ka ga farin ƙarfe ba ka tambayi masu shi ba?" Ga maƙeran fari nan bayan gidanmu, masu ƙera awarwaro da zobe, taku ashirin ne tsakaninmu, girman kai ya hana ni zuwa.

To kai ma yanzu ka fito makaranta da takardar shaida, kanka yana irin hayaƙin nan, na gan shi a tafiyarka. In ka shiga rugagen Fakku da allurarka, ka tuna Bafulatanin da ke gabanka ya san saniyarsa tun tana cikin uwarta. Ka gaishe shi, ka zauna, ka sha nonon da aka ba ka, ka tambaye shi yaushe ta daina tuƙa, ina ta yi kiwo, wane ruwa ta sha. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma bai ƙare duka ba. Tambaya ba ta rage wa malami komai.

Wauta ta biyu, kana ɗan yaye na yi ta. Wani direban babbar mota ya ce mini, "Maƙeri, kana wahalar da kanka da magagari. Ruwan batir za ka samu, ka jiƙa, ka tafi harkarka." Na ji daɗin maganar, don wa ke son gugar ƙarfe yini guda? Na sami ruwan batir na zuba a tsohon kasko, na tsunduma hannun birki biyu da notuna na wani babur, na tafi Sanyinna suna. Kwana biyu na yi. Da na dawo na sa awartaki na ciro, sai na ga abin takaici. Inda farin yake da ƙarfi yana nan daram yana walƙiya, inda ya ɓare kuwa ruwan ya bi ta nan ya cinye ƙarfen ya yi ramuka. Zaren notunan ya tafi, ba wanda ke kama ƙusa. Cikin haushi na ɗauki kaskon na watsar bayan ɗaki, ya fantsamo mini a bayan hannu. Tabon nan da kake tambayata kana yaro ina ce maka tartsatsi ne, to ba tartsatsi ba ne. Gindin lallen innarka na watsa shi, lallen da ta zo da irinsa daga gidansu. Kafin mako ya bushe ƙurmus. Har yau in muka yi faɗa sai ta ce, "Kai da ka kashe mini lalle."

Duk wanda ya ce maka ga hanyar da za ka gama aiki ba ka tsaya kansa ba, ka yi masa godiya ka bar masa hanyarsa. Kuma kai yanzu magunguna kake ɗauke da su a jaka, waɗanda suka fi ruwan batir ƙarfi. Kada ka bar su inda yara ke wasa. Kada ka zubar da saura kusa da mashaya ko rijiya, haƙa rami ka binne. Kada ka auna da ido don kana sauri ga magariba ta gabato.

Bayan waɗanga na koyi aikin yadda ya kamata, kuma ba yabon kai ba, daga Dogon Daji har Kebbe ba ka samun wanda zai kankare maka ruwan azurfa ya bar ƙarfe lafiya kamar ni. Da bakin wuƙa ake farawa, a bi ƙurajen nan a ɗaga su. Farin nan mayaudari ne, sama yana walƙiya, ƙarƙashi ruwa ya shiga ta ƙaramar huda yana ta aikinsa, tsatsa ta yi gida. Sai magagari mai laushi, a hankali, gefe guda ake turawa. Sai yashin gulbi mai laushi a jiƙa a tsumma a yi ta guga, har jan ƙarfen da ake shimfiɗawa ƙarƙashin farin shi ma ya fita. Sai a jiƙa a ruwan tsamiya, kamar yadda maƙeran fari suka nuna mini da na sauke girman kai na tafi, ita ce ke ciro tsatsar da ta shige ramuka. A wanke da ruwan toka, a shanya a rana. Daga nan a ɗumama ƙarfen kaɗan, ba a bari ya yi ja, a shafe shi da man gyaɗa har ya sha ya yi baƙi. Baƙin da ka raina ke nan. Shi ne ke sa garmar kakanka har yau tana shiga gona.

Wauta ta ukku ita ce babba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarka.

Ka san Malam Jiɓɓo, tsohon malamin gona, wanda ya zo gidan nan sau ukku yana roƙona in bar ka ka ci gaba da karatu, wanda ya rubuta maka takardar shiga makarantar malaman dabbobi. Ka san hannunsa na dama a ƙage yake, ba ya kai shi baki, da hagu yake cin abinci, shi ya sa ba ya ci cikin taro. Kun taso kuna jin an ce faɗuwa ya yi da babur a hanyar Sanyinna. Gaskiya ne. Amma ni na gyara babur ɗin.

Ana saura kwana ukku Sallah ya kawo shi. Ya ce, "Maƙeri, ina son in hau shi zuwa idi yana ɗaukar ido." Farin ƙarfen hannun ya fara ɓarewa daidai inda maɗauri ya cije shi a tsakiya. Na sa wuƙa na ɗaga ɓawon, sai na ga wani ɗan layi siriri kamar gashin wutsiyar doki. Na gan shi, Haliru. Da idona na gan shi. Na ce wa raina ƙila karce ne. In na kankare duka in duba, aikin zai kai mako, Sallah ta wuce, ga fartanya da lauje na mutane jibge suna jirana. Ina da ɗan gwangwanin farin fenti da na samo a Gusau. Na goge wurin sama-sama, na shafa fenti, ya bushe ya yi kyau. Ranar idi mutane suka kewaye babur ɗin suna cewa, "Kai, Maƙeri ya iya aiki!" Ni kuma ina tsaye ina washe baki.

Bai yi wata biyu ba. Ya shiga gargadar hanyar Sanyinna, tayar gaba ta faɗa rami, ƙarfen ya ɓalle a hannunsa. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ya kama amma hannun bai miƙe ba. Mutumin da rubutu ne sana'arsa sai da ya koma koyon riƙe alƙalami da hagu. Na tafi gaishe shi yana kwance, ya ce, "Ƙaddara ce, Maƙeri." Na ce, "Ƙaddara ce, Malam." Na fito. Shekara da shekaru ke nan, duk ranar da ya biyo ta ƙofar maƙera ya miƙo mini hagu mu gaisa, sai in gaishe shi ina kallon ƙasa.

Daga ranar ban sake shafa wa ƙarfe abin da zai ɓoye shi ba sai na ga tsiraicinsa. Na tafi har Gusau wurin wani tsohon mai gyaran injin jirgin ƙasa, ya koya mini yadda ake kama tsaga. A shafe ƙarfe da kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge ya bushe, a barbaɗa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige cikinta zai fito ya jiƙa allin, ka ga layi ya bayyana a fili.

Abin da nika so ka ɗauka a nan shi ne, in ka ga abu a aikinka, ka gan shi. In ka ga saniya guda tana zubar da hawaye da majina cikin garke, kada ka ce ƙila ƙura ce don mai garke ya yanka maka zakara, ko don kana son ka rubuta wa ofis komai lafiya. Ka faɗa, ko za a ji haushinka. Yabon da aka yi mini ranar idi bai kai la'asar ba ya wuce, abin da na ɓoye kuwa har yau ina ɗauke da shi.

To da ka kawo naka babur, na gama da injin, na sa hannu a ƙarfen hannun sai na ji ƙuraje daidai wurin nan, tsakiya, gindin maɗauri. Wallahi sai da na zauna. Na kwance shi, na yi kwana fuɗu ina guga. Na shafa kananzir, na barbaɗa alli, ina tsaye ina kallo. Ga layi nan ya fito, tsawon gaɓar yatsa, ta ƙarƙashi inda ido ba ya kai. Da na ga haka ban yarda da sauran ba, shi ya sa na bi salansa da bakin fitila da hannun birki duk na kankare. Su lafiyarsu lau. Ƙarfen hannun kuwa na ƙera sanda daidai raminsa na cusa ta ciki, na liƙe tsagar da tagulla. Aiki ne mai kyau, ina alfahari da shi, zai kai ka Fakku ya dawo da kai. Amma gyara gyara ne, sai ana dubawa. Na aika Kano a nemo sabo, ba zai iso ba sai bayan kaka.

Wauta ta fuɗu kuwa da kai na yi ta, kuma ba ta daɗe ba. Da ka ce na mai da maka babur garma, abin da ya dace in kama hannunka in kai ka in nuna maka wurin. Amma in na nuna maka za ka tambayi yadda aka yi na san inda zan duba, ni kuwa ban shirya faɗa ba. Ga kuma kunyar ɗan fari da muka gada, wadda ta sa tun kana rarrafe ban taɓa ɗaukarka gaban mutane ba. Sai na fake da faɗa. Na bar ka ka hau ka tafi da abin da ba ka sani ba a hannunka. Kada ka yi wa na ƙasa da kai haka. In ka yi wa mutum abu don amfaninsa, ka gaya masa dalili, ko da dalilin zai tona maka asiri.

Tunda na buɗe baki bari in ƙarasa. Ina alfahari da kai, Haliru. Gidanmu tun kakan kakana ba wanda ya ci abinci da wani abu in ba wuta da guduma ba. Yau ga ɗana gwamnatin Jihar Arewa ta ba shi jaka da allura ta ce dukiyar mutane tana hannunsa. Ranar da ka tashi babur ƙofar gida, da wandonka na kaki da hularka a karkace, ni ina cikin maƙera ina dukan ƙarfen da ya riga ya huce, don kada a ga fuskata. Da ka sha kwana na fito na tsaya har ƙarar ta ɓace. Duk wanda ya kawo gyaran fartanya makon nan sai da ya ji labarinka, har Sarkin Maƙera ya ce in na sake cewa "Malamin Dabbobi" zai ci ni tara. Kuma ko fushin naka ya burge ni. Mutumin da ke son kayan aikinsa su yi kyau, aikinsa ma zai so ya yi kyau. Daga wurina ka gado shi, ni ma ina son abu ya yi walƙiya.

Kwana biyar na yi ina wanga rubutu. Da na rubuta labarin Malam Jiɓɓo sai na ga ba daidai ba ne ɗana ya ji abin da mai hannun bai ji ba. Jiya bayan azahar na tafi gidansa. Na iske shi a zaure. Na durƙusa, ni da furfurata, na gaya masa duka, tun daga layin da na gani har gwangwanin fenti. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Maƙeri, ai na sani."

Na ce, "Ka sani, Malam?"

Ya ce, "Waɗanda suka ɗauko ni sun taho da guntun ƙarfen. Da na sami sauƙi na duba bakin karayar, na ga fenti ya gangara cikin tsagar. Fenti ba ya shiga inda ba a tsage ba."

Na ce, "To mi ya hana ka magana? Har ka zo kana yi wa ɗana hanyar karatu?"

Ya ce, "Na yi fushi shekara guda, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya na lura duk keken da ya fito maƙerarka baƙi yake fitowa, na gane ka hukunta kanka. Yaro kuwa mi ya yi mini? Tashi, na yafe tun tuni. Amma ka rubuta masa yadda ka gaya mini, kada ka rage komai."

Ban rage ba. Ga abin da nika roƙo. Tare da wagga takarda akwai ƙullin garin alli da 'yar kwalbar kananzir. Duk ranar Juma'a kafin ka tafi masallaci, ka sassauta maɗaurin, ka shafa, ka goge, ka barbaɗa, ka duba ta ƙarƙashi. In alli ya zauna fari, hau abinka da bismillah. In ka ga layi ko kamar gashi ne, ka jingine babur ɗin, ka nemi aron doki, ka aiko mini, ko ina tsakiyar ƙira zan ajiye in taho. In kana son fenti, kai shi Jega, a fesa wa salansa da bakin fitila da tanki, ya yi walƙiya 'yan matan Kebbe su kalla, ba ruwana. Amma tsakiyar ƙarfen hannun, faɗin yatsa fuɗu, ka sa mai fenti ya naɗe shi da tsumma ya bar shi baƙi. In ya ce zai ɓata masa aiki, ka ce masa wurin na ubanka ne.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka fita daji. Ƙannenka suna gaishe ka. Malam Jiɓɓo ya ce in gaishe ka da kyau, shi ne ma ya rubuta sunanka a bayan ambulan don nawa rubutun ba zai kai ta Kebbe ba. Allah Ya kiyaye fitarka da komowarka, Ya tsare ka daga ramin hanya da mugun ji da mugun gani, Ya sa albarka a aikinka, Ya maido mana da kai da ƙafafunka da hannuwanka lafiya, amin. Na yafe maka maganar ƙofar maƙera. Kai ma ka yafe mini tawa.

Ni ne mahaifinka,
Abdu Maƙeri.